Ilyasu Zai Shiga Sinima

Shafi na 17

Masu cewa shafin jiya ya yi gajere, ku gyara zama. Yau ce ranar da aka kafa akwati a gidan Ilyasu.

"Na bar maka," in ji Jibo. "Kai ne babban mutum a cikin sinimar. Ni na janye."

Ilyasu ya ajiye kwanon kokonsa a kan benci, ya dube shi sama da ƙasa.

Wata biyu ke nan suna ja-in-ja a kan wannan matsayi, tun ranar da Nasaran nan ya sauka Maraɗi da akwatin hotonsa mai ƙafa uku, saura shekara uku Faransawa su tattara nasu. Ido Guda ake ce masa a gari, don kullum ido ɗaya a runtse, ɗayan a cikin akwati. Ba mutumin gwamnati ba ne. Kumandan, Nasaran da ke mulkin gari, bai ko ba shi ɗaki a bariki ba, a bayan kantin wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa, yake shimfiɗa. Gonar ubansa ya sayar ya zo yin sinimar kansa. Jibo tafintansa ne, ya yi lakwal, makarantar Nasara, shekara huɗu. Ilyasu kuwa mai awon gujiya ne a kanti, ya ajiye aikin ranar da ya ji Ido Guda zai koma Pari, babban birnin Faransa, da mutum guda in an gama.

"Haka kawai ka janye?"

"Haka kawai ba ya cikin halina, ka sani. Da sharaɗi biyu."

"Faɗi."

"Na fari, Nasara na son mace. Labarin na mutum ne da zai tafi Faransa ya zama babba, matarsa ta riƙe masa riga, ya rabu da ita a ƙofar ɗaki. Na zaga garin nan kaf, ba wanda zai ba da matarsa a ɗauka. Ni kuwa ka san gwauro ne."

"Matata Tsahara kake nufi."

"Ni ban kira suna ba."

Ilyasu ya sosa ƙeya. "Rabonta da yi mini maganar arziki tun kaka."

"Saboda garkar?"

Ilyasu ya gyaɗa kai. Garka ce a Jiratawa, bakin gulbi, gadon uwar Tsahara. Albasa take nomawa a ciki da barkono. Ilyasu ya je a ɓoye ya sayar wa wani bafatake, ya dawo da kwat da wando, takalmi sau-ciki, agogo da hular Nasara. A cewarsa mai shiga sinima ba ya shiga da taguwa.

"Ka tambaye ta dai," in ji Jibo.

"Na biyun?"

"Ba sunan aro. Nasara ya ce gaskiya yake so. Kai Ilyasu, ita Tsahara. Kuma abin da na ce maka ya ce, shi za ka yi, ba gardama gaban mutane."

"Pari fa?"

"Wanda sinimar ba ta ƙarasuwa sai da shi, shi zai tafi. Haka ya faɗa."

Ilyasu ya miƙa hannu, suka tafa.

Ni dai a ɗan yawon da na yi, in mutumin da ya yi wata biyu yana ja da kai ya sakar maka abu da sassafe, kafin ka yi murna ka leƙa ka ga mi ya riƙe a ɗaya hannun. Ilyasu bai leƙa ba.

Ya shiga gida ya shirya dogon lallashi, sai ya tarar ba a bukata. Tsahara tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Mi zan yi a ciki?"

"Ki riƙe mini riga. Ni in fizge in yi magana. Ke ki yi kuka."

"Wace magana?"

"Irin ta wasa. In ce na sake ki."

Rariyar ta tsaya a hannunta kaɗan, sannan ta ci gaba.

"To. Amma a kira Malam Abdulmutallib ya zauna. Kada gobe a ce na tsaya gaban Nasara ba da sanin manya ba."

"Wannan mai sauƙi ne."

Da hantsi ya dubi ludayi aka cire zana huɗu na darnin gidan, don Ido Guda ya ce akwatinsa ba ya gani sai da rana. Unguwa ta taru a wajen kamar ana rabon gado. Malam Abdulmutallib, limamin unguwar, ya zauna a kan buzu a gindin dalbejiya, dattawa biyu a gefensa. Jakar fatar da Ido Guda ke tara gwangwanayen hotonsa, aikin wata biyu cur, an jingine ta a inuwa kusa da bakin rijiya, don zafi na ɓata su.

Ilyasu ya fito cikin kwat. Gumi ya riga ya jiƙa wuyan.

Ido Guda ya murza maɓallin akwatin, ya soka ido, ya ɗaga hannu. Akwatin ya fara ƙara kamar keken ɗinki.

Tsahara ta riƙe gefen kwat ɗin.

"Maigida, kada ka tafi."

Ilyasu ya fizge, ya nuna ta da yatsa, ya buɗe murya yadda har masu tsayuwa a bakin hanya za su ji.

"Tsahara, na sake ki."

Sai ta ƙyalƙyale da dariya.

Ido Guda ya cire ido, ya yi magana da sauri yana yarfa hannu.

"Ya ce ta ɓata," in ji Jibo. "Ankor. A sake."

"Ilyasu." Muryar Malam ce daga gindin bishiya. "Zo nan in ji."

"Malam, aiki muke."

"Abin da ya fito daga bakinka yanzu, ka san nauyinsa?"

Mutane suka juyo. Ilyasu ya ji idanu a kansa, ya gyara hular Nasara.

"Allah gafarta Malam, wanga aiki na zamani ne. Ba a karanta shi a allo. Ku dai ku kalla."

Wasu samari suka yi dariya. Malam ya koma ga tasbaharsa. Ya ja ƙwayar tasbaha guda, ya riƙe ta tsakanin yatsu biyu.

Aka koma. Akwati ya kama ƙara.

"Maigida, kada ka tafi."

"Tsahara, na sake ki."

Kafin ya rufe baki ta juya wa akwatin baya, ta bi wata akuya da ta sa kai a turmi tana kora.

Ido Guda ya cire hularsa ya jefa ƙasa.

"Ke wai mi ke damunki?" in ji Ilyasu. "Kuka aka ce ki yi."

"Gari ne a turmin, maigida."

"Ankor," in ji Jibo.

"Biyu ke nan," in ji Malam.

Bai ɗaga murya ba, amma wurin ya yi tsit. Wata tsohuwa a bakin darni ta ce, "Ɗan nan, ka tsaya haka nan. Biyu ana komawa."

Ilyasu ya tsaya. Karo na farko ya dubi matarsa sosai. Tana tsaye hannu a ƙirji, fuskarta ba ta nuna komi.

"Jibo," ya ce a hankali, "ka ce masa in faɗi wani abu dabam. In ce na tafi, ko in ce sauka lafiya."

Jibo ya juya ya yi Faransanci. Mi ya faɗa, Allah kaɗai ya sani, don duk wurin ba mai ji sai su biyu. Ido Guda ya dubi rana, ya dubi agogonsa, ya amsa a gajarce.

"Ya ce hoton da ya rage masa na ɗauka guda ne. Ya ce in ba ka iyawa, ka tuɓe kwat ɗin ka ba ni. Da ma ni ya fara zaɓa."

"Haka ya ce?"

"Mun yi da kai ba gardama gaban mutane."

"Ai wasa ne," in ji Ilyasu, ba a san da wa yake ba. "Kowa ya san wasa ne."

Dattawan nan suka kau da kai.

Ya dubi kwat ɗin. Ya dubi samarin da suka yi masa dariyar goyon baya ɗazu. Garka ta tafi saboda wannan riga, aikin kanti ya tafi. In ya tuɓe ta a nan ya miƙa wa Jibo, gobe ko yara ba za su bar shi ya wuce kasuwa ba.

"A kunna."

Akwati ya kama ƙara.

Wannan karon Tsahara ta riƙe kwat ɗin da hannu biyu, ta durƙusa.

"Maigida, don Allah kada ka yi. Ka duba shekara tara."

Wannan ba ya cikin abin da aka ce ta faɗa. Ilyasu ya dube ta. Amma akwatin na ƙara, hannun Ido Guda na sama yana juyawa, a yi, a yi.

Ya fizge rigarsa.

"Tsahara, na sake ki."

Ta zube a ƙasa, hawaye na bin kumatunta. Kuka na gaske, har kafaɗunta na rawa. Matan da ke bakin darni wasu suka fara share ido da gefen zane.

Ido Guda ya cire ido daga akwati, ya tafa hannu shi kaɗai. Ya zare gwangwanin ya jefa cikin jakar nan, ya ɗauko wani sabo ya ɗura.

Ilyasu ya ga haka. Ya juya wajen Jibo.

"Ka ce guda ya rage."

Jibo ya ɗaga kafaɗa. "Ƙila ya manta da wanga."

Tsahara ta miƙe, ta karkaɗe zanenta, ta shiga ɗaki. Ba a yi ƙiftawa goma ba ta fito da ƙunshin kaya a ka, an ɗaure shi tam da igiya. Irin ɗaurin da ba a yinsa cikin gaggawa. Tun jiya yake ɗaure.

"Ina zuwa?" in ji Ilyasu.

"Tsibiri. Gidan ubana."

"Ajiye kayan nan. An gama wasa."

"An gama kam." Ta juya gindin bishiya. "Malam, nawa ka ƙirga?"

Malam ya ɗaga tasbaha. Ƙwaya uku a ware.

"Malam, kai ma ka gani," in ji Ilyasu. "Nasara ne ya sa ni. Labari ne."

"Matar wa ce wannan?"

"Tawa."

"Sunan wa ka kira?"

Ilyasu ya sunkuyar da kai.

"Wa ka nuna da yatsa? An ɗaure ka ne, ko an sa maka wuƙa? Na kira ka tun a na farko, ka ce mini ba a karanta shi a allo. To wannan kam a allo muka karanta shi. Saki ba ya da wasa, Ilyasu. Uku ne, gaban shaidu. Ta haramta gare ka sai ta auri wani."

Dattawan nan biyu suka gyaɗa kai.

Ilyasu ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

"To a je gun alƙali. Ga shaidata nan." Ya nuna akwatin. "Duk abin da aka yi yana ciki. Alƙali ya ji da kunnensa inda Nasara ke cewa a sake, a sake. Jibo, faɗa masa."

Jibo bai motsa ba.

"Na ce faɗa masa."

Ido Guda ya lura ana nuna akwatinsa, ya tambaya. Jibo ya amsa masa a taƙaice. Nasaran ya yi murmushi. Ya ɗan tsinci Hausa a wata biyun nan, ya ga ya samu wurin gwadawa. Ya taɓa idonsa, ya nuna akwatin.

"Gani, i." Ya taɓa kunnensa, ya girgiza kai. "Ji, babu. Magana, Pari. Jibo."

Ilyasu ya tsaya kamar an kafa shi.

"Mi yake cewa?"

"Abin da ka ji," in ji Jibo. Yanzu ya daina sunkuyar da kai. "Akwatin nan kurma ne. Hoto kawai yake ɗauka. Muryar a can Pari ake sawa, a ɗaki, mutum ya zauna yana kallon bakinka yana faɗin abin da aka rubuta masa."

"Wane mutum?"

"Wanda ke jin Hausa da Faransanci."

"Kai."

"Na faɗa maka da safe. Wanda sinimar ba ta ƙarasuwa sai da shi. Fuskarka tana cikin gwangwani, an gama da ita. Kai kuma mi za ka je yi?"

"Ke nan da na ce sauka lafiya..."

"Da ka ce a kawo fura ma, duk ɗaya ne gun akwati."

Wani a cikin taron ya tuntsire, aka zungure shi ya yi shiru.

Ilyasu ya juya wajen Tsahara. Muryarsa ta dushe.

"Ke ma kin sani?"

"Ni na nemi Jibo, Ilyasu."

Shekara tara ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai yau. Ya ji shi kamar mari.

"Ranar da na je Jiratawa na tarar da wani ƙato yana cire albasata, ya ce mijina ya ba shi, na dawo na durƙusa na ce ka sake ni. Ka ce sai dai gawata ta fita gidan nan. Na sake roƙonka bayan salla, ka ce in bari ka dawo daga Pari tukuna, kana bukatar mai wanke maka kwat. Sai na ga akwai abu guda da in an ce ka yi gabansa ba ka musu." Ta nuna akwatin da haɓa. "Na tambayi Jibo, shin Nasaran nan in abu ya ɓaci yakan sa a sake? Ya ce har sau goma. Na ce uku sun ishe ni."

"Kukan fa? Na ga hawaye."

Ta gyara ƙunshin da ke kanta.

"Kukan nawa ne. Na ce a raina in ka tsaya a biyu, in ka tuɓe rigar nan, zan kwance kayana in zauna. Na ba ka hanya gaban kowa. Ka duba ni, ka duba akwati, ka zaɓa."

A nan ne Ilyasu ya ji ƙarar. Keken ɗinkin nan. Ya waiga.

Ido Guda ya juyo da akwatin, ya soka ido, yana ɗaukarsa. Gumi, hular da ta karkace, bakin da ke rawa, duka.

"Mi yake ɗauka? An gama ai."

"Wanga shi ne sinimar," in ji Jibo. "Ka ɗauka labarin jarumi yake yi? Labarin mutum ne da ya ga akwati ya haukace. Ranar da ka kawo kwat kana juyi a kasuwa, ya ɗauka. Ranar da ka jefa wa mai kanti ma'auninsa, ya ɗauka. Ya ce a Pari za su yi dariya har su faɗi daga kujera, sannan su ji kunya. Ya ce irin wagga ce ake ba mutum lambar yabo."

"Ku yi wa Allah ku kashe abin nan," in ji Malam, yana miƙewa. "Ya isa."

Ido Guda bai ji ba, ko ya ji bai kula ba. Shi ma ai nasa kwat ɗin yake nema.

Ilyasu bai yi ihu ba. Bai kai wa Jibo hannu ba, ko da yake Jibo ya ja da baya ya shirya. Ya cire hular Nasara, ya ajiye ta a kan turmi a hankali. Ya taka zuwa inuwa.

Ba wanda ya gane inda ya nufa sai da ya sunkuya ya ɗauki jakar fatar.

Taku biyu ne tsakaninta da rijiya. Rijiyar gidan Ilyasu gaba goma sha biyar ce kafin a taɓa ruwa. Ya hau dutsen bakinta, ya miƙa hannu, jakar na lilo a kan ramin, yatsu uku kawai a cikin maratayinta.

Ƙarar akwatin ta tsaya.

Ido Guda ya yi fari fat. Ya fara tahowa, hannu biyu a gaba, Faransanci na zuba daga bakinsa.

"Ka ce masa in ya ƙara taku guda," in ji Ilyasu.

Wannan karon Jibo ya fassara daidai, da sauri. Nasaran ya tsaya cak.

"Ilyasu, ɗan'uwana," in ji Jibo, muryarsa ta koma siririya. "Ka yi hankali. Wata biyu ne a cikin jakar nan. Gonar ubansa ce a ciki."

"Garkar uwar wata ma tana ciki."

"In ka saka, ba wanda zai je Pari."

"Da ma ba ni zan je ba."

"To ka tuna fuskarka. Duk duniya ba inda take sai cikin gwangwanayen nan. In suka shiga ruwa, kai ba mata, ba aiki, ba sinima. Ka yi duk wannan a banza."

Ilyasu ya dubi jakar. Jibo ya taɓa inda ke ciwo, kuma ya sani.

Tsahara ta riga ta kai bakin darni da ƙunshinta. Ta tsaya, ba ta sauke kayan ba, ba ta kuma wuce ba.

In za a yi hisabin wannan hantsi, Tsahara ce kaɗai ta ci ribar da ba mai ƙwacewa, ta samu kanta, ko da yake garka ba ta dawo ba. Ilyasu ya rasa mata, ya rasa aiki, ya rasa kujerar Pari. Jibo da Ido Guda kuwa, da suka wayi gari suna ganin su ne da nasara, duk abin da suka ci yana rataye a yatsu uku na mutumin da suka mayar abin dariya.

Ilyasu ya dubi Tsahara.

"Ke mi kika ce? In saki?"

"Ka saba ai," in ji ta.

Ya buɗe yatsa guda.